Direban da Ba a Taɓa Wucewa Ba

"Malam, sake faɗa mini, domin ina zargin kunnena ne ya yi mini ƙarya," in ji Direba, yana dangwarar da kofin shayi a kan tebur. "Mutum yana kan gaba, yana hangen ƙarshen tsere da idonsa, sai ya ɗaga ƙafa daga totur domin na bayansa ya wuce?"

"Haka aka yi, a Austiriya, a shekarar 2002," in ji Malamin Makaranta. "Rubens Barrichello, mutumin Barazil, yana tuƙa wa kamfanin Ferrari a gasar tseren motoci ta Formula One tare da Michael Schumacher na Jamus. Shugabanninsa suka umarce shi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa da ya ba Schumacher hanya, saboda shi suke so ya zama zakaran shekara. Bai bi umarnin ba sai da ya rage 'yan mitoci kaɗan, yadda kowa zai ga abin da aka yi masa."

"To, wannan ai yaron mota ne, ba direba ba."

Yaron Mota, wanda ke tsugune yana tsoma burodi a ragowar shayin maigidansa, ya ɗaga kai ya mayar.

"Ni nan da kake gani," Direba ya ci gaba, "tun ranar da na karɓi lasin babu motar da ta taɓa shan gabana, kuma babu mahalukin da zai yi mini magana a kunne in kauce masa."

"Oga, jiya fa mai a-daidaita-sahu ya wuce mu."

"Bai wuce ni ba, ni ne na rage gudu domin in duba taya."

"Shekaranjiya kuma tirelar siminti a kan tudu."

"Ita ma tayar nake dubawa. Direban da ba ya duba taya makashin fasinja ne."

Ya kamata mai karatu ya sani cewa babu taya a faɗin tashar nan da ake dubawa kamar ta wannan bawan Allah, kuma babu wadda ta kai ta sulɓi.

Malam ya ce, "Jama'ar da ke kallo ba su ji daɗi ba, ihu suka yi ta yi wa Ferrari. Kunya ta kama Schumacher, ya tura Barrichello ya hau matakin na ɗaya a dandalin karɓar kofi, ya kuma miƙa masa kofin. Hukumar gasar ta ci su tarar dala miliyan 1, su biyu da kamfanin, saboda sun saɓa tsarin tsayuwa a dandalin, daga baya kuma ta haramta irin wannan umarni na tsawon wasu shekaru."

"Dala miliyan 1 saboda mutum ya tsaya inda ba wurinsa ba?" in ji Mai Shayi. "An ba su rasit?"

"Tabbas an ba su."

"To, sun more," in ji Direba. "Mu a hanya sau nawa ake cin mu tara tsakanin safe da yamma, a kan laifin da sai an tsayar da kai ake fara nemansa, kuma har yau ban san launin rasit ba. Amma wannan bai wanke shi ba. Ya taɓa cin tsere da ƙarfin kansa kuwa?"

"Sau 11 ya ci. Na farko a Jamus ne, a shekarar 2000, bayan ya shafe shekara 7 yana nema, domin tun 1993 ya shiga gasar da kamfanin Jordan. Daga matsayi na 18 ya tashi. Ruwan sama ya sauka a wani ɓangare na filin, wani ɓangaren kuma a bushe, sai da yawa daga cikin abokan karawarsa suka shiga suka sa tayoyin ruwa, shi kuwa ya ƙi canza nasa, ya lallaɓa da su har ya zo na ɗaya."

Direba ya miƙe tsaye. "An ba shi kofi saboda ya ƙi canza taya? Jama'a, ku yi mini shaida! Damina nawa na ratsa da tayoyin nan guda huɗu, wa ya taɓa ba ni ko da kofin silba?"

"Oga, zaren ta baya ma ya fito."

"Alamar juriya ce."

"A dandalin ya yi ta kuka saboda murna," in ji Malam.

"Kuka? Namiji da gashin baki?"

"Oga, ranar da inji ya buga ai kai ma..."

"Hayaƙi ne ya shiga mini ido."

Malam ya gyara zaman tabaransa, domin shi ma yana da tasa cutar, wato ba ya iya barin labari da saura. "A tseren nan na Jamus wani tsohon ma'aikacin Mercedes, wanda ke fushi da sallamar da aka yi masa, ya shigo gefen hanya, dole aka fito da motar da ke rage wa 'yan tsere gudu. Abin mamaki, da Barrichello ya ci tseren Ingila a 2003, nan ma wani mutum ya faɗo tsakiyar hanya da gudu yana ɗaga kwali."

"Mutum ɗaya tak ya shiga hanya aka rage wa kowa gudu?" in ji Direba. "Su zo su tuƙa ranar kasuwa, tsakanin awaki da masu talla da mai baro, mu ga wanda zai kai gida da madubinsa."

"Sai dai akwai abin da bai taɓa samu ba," in ji Malam. "A birnin Sao Paulo aka haife shi, a 1972, ya kuma tashi kusa da filin tsere na Interlagos, amma bai taɓa cin tseren Formula One a gida ba. A 2003 shi ya tashi a sahun farko, yana kan gaba, mutanen garinsu suna ta murna, sai motar ta mutu a gefen hanya saboda matsalar mai."

Wurin ya yi tsit. Direba ya koma ya zauna a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Mai? Har da Ferrari? Allah sarki, bawan Allah. Babu ko ɗan bumburutu da jarka a kusa?"

"Babu."

"Wannan jarrabawa ce da sai direba ya san zafinta. Ka shiga gidan mai da kuɗin da dā ke cika tanki, ka fito allurar ba ta ko motsa ba." Sai ya tuna da kansa, ya mayar da hula. "Ni dai mai bai taɓa ƙare mini ba."

Yaron Mota bai ce komai ba, kafaɗarsa kawai ya shafa.

"Duk da haka," in ji Malam, "sau 322 ya shiga tsere kafin ya bar gasar a 2011, a lokacin babu wanda ya kai shi. Sau 2 ya zo na biyu a duniya, a 2002 da 2004. A 2009 ya samu mota mai kyau a kamfanin Brawn, sai abokin aikinsa Jenson Button ya zama zakara. Da ya koma gida ya ci gasar Stock Car ta Barazil a 2014, ya sake ci a 2022 yana da shekara 50."

"Ko sau dubu ya shiga, wanda aka ce masa kauce ya kauce ba ajina ba ne. Ni ko mai motar ne da kansa..."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Da ya ga sunan, sai ya miƙe, hular ta sake barin kansa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. E, ni ne a kan layi, saura mutum uku mu cika. Sabuwar motar? Wadda yaron wajenka yake ja? Ta fara yin lodi? Fasinjojin nawa ma a juye masa? Ai babu komai, ranka ya daɗe, dā ma abin da nake shirin yi ke nan. A gaida Hajiya."

Ya mayar da wayar aljihu, ya tarar da idanu shida a kansa.

"Ba hanya na ba shi ba," in ji shi. "Akwai tayar da nake so in duba. Yaro, tashi ka matsar da motar gefe."

"Oga, in tayar da ita, ko yadda muka saba?"

Direba ya dubi Malamin Makaranta. "Malam, tun da ka gama shayinka, taimaka masa da turi."