Jamus ba ta fi Kebbi rana ba, doka da mita ta fi mu

Duk wanda ya yi hunturu a arewacin Jamus ya san ba yawan rana ne ya ba mutanen nan wuta ba. A watan Disamba sai wajen takwas da rabi rana ke fitowa, kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufe, abin da ke tsakani kuwa yawanci gajimare ne da yayyafi. Hasken da ke sauka a kan gonar mutumin Argungu a shekara ya kusa ninki biyu na wanda manomin Jamus ke samu. Duk da haka, a 2023 fiye da rabin wutar da Jamusawa suka sha daga iska da rana da ruwa da makamantansu ta fito, mu kuwa har yau yara na ihun murna in an kawo wuta.

In muna hira da 'yan uwa a gida, maganar ba ta wuce "ka samo mana farantan sola masu kyau daga can". Ban ƙi ba, amma farantan da ke kan rufin maƙwabtana a nan Jamus galibi na Chaina ne, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Birnin Kebbi. Bambancin yana cikin abin da ke faruwa da wutar bayan ta fito daga farantin.

A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanin da ke riƙe da wayoyi ya haɗa duk wanda ya kafa sola ko injin iska da layinsa, kuma a sayi wutarsa a kan farashi tsayayye har shekara 20. Manomi ya ɗauki wannan alkawari ya nufi banki, banki ya ba shi rance domin lissafin a fili yake. Haka rufin rumbuna da makarantu suka cika da sola, ba don kowa ya zama mai kishin muhalli dare ɗaya ba. Abin bai zo a banza ba: shekaru da yawa ana ɗora kuɗin tallafin a kan takardar biyan wutar kowa, sai a 2022 aka cire, kuma har yanzu wutar gida a Jamus na cikin mafi tsada a Turai. Duk wata in na ga nawa lissafin sai na yi ajiyar zuciya.

Su ma waya na ba su wahala. Iska mai ƙarfi tana arewa, bakin teku, manyan masana'antu kuwa suna kudu. Babban layin da ake kira SuedLink, mai tsawon kilomita kusan 700, ya makara da shekaru saboda mutane sun ƙi a kafa musu dogayen turaku a bayan gida, sai da aka yarda a binne wayar a ƙasa. Kafin ya kammala, akwai ranakun da ake tsayar da injinan iska suna da lafiya, a biya masu su, don babu hanyar kai wutar inda ake buƙata. Amma da duk wannan, ɗaukewar wutar da gida ɗaya ke gani a shekara, in an raba daidai, ba ta kai minti 15 ba.

Dalili shi ne layin nasu yana ji, yana gani. Wutar lantarki ba ta jira: abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugun layin ya kauce daga sau 50 a daƙiƙa da aka tsayar, tashoshi su kashe kansu don kada su ƙone. Shi ne abin da muke ji a labarai ana cewa babban layin ƙasa ya faɗi. A Jamus akwai na'urori a tashoshi da mahaɗu da ke aika rahoto nan take, kwamfuta na hasashen iskar gobe da gajimarenta, akwai tashoshi da batura da ke jiran a kira su cike giɓi. Farashi ma motsi yake yi. Da tsakar rana a lokacin zafi yakan faɗi ƙasa da sifili a kasuwar sari, don masu manyan injina su kunna a lokacin.

Abin da ke ci mini rai game da Kebbi shi ne mun daɗe da sanin wuta marar hayaƙi. Madatsar Kainji ta fara aiki tun 1968, kuma mutanen ƙasar Yawuri na cikin dubban da aka tasa daga tsibirai da gaɓar Kwara don tafkin ya samu wuri. Daga can layi mai ƙarfin kilobolt 330 ya miƙe zuwa Birnin Kebbi, daga nan wuta ta wuce Sakkwato, ta ƙetara har Yamai. Mun ba da ƙasa, wuta tana bi ta kanmu, amma ƙasar mai mutum sama da miliyan 200 tana rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar, mu kuma muna can wutsiyar layi. A Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama sun fi mako a duhu. Haɗarin dogaro da doguwar waya ɗaya da ta ratsa daji kenan, musamman a halin tsaron da ake ciki.

Sai batun mita, wanda a ganina shi ne tushen rashin yarda. Ba wanda zai sayi shinkafa a kasuwar Jega a ce masa babu mudu, ya biya abin da mai kaya ya ƙiyasta. Amma haka miliyoyin gidaje ke sayen wuta. Mai gida ya ƙi biya don bai ga wutar ba, mai rabawa ya ƙi gyara taransifoma don bai ga kuɗi ba. Kafin mu yi mafarkin layi mai wayo irin na Turai, a fara da mitar da ke nuna wa kowa abin da ya sha.

Ba na ganin hanyarmu ita ce kwaikwayon Jamus kaf. Su da dare da hunturu suke fama, shi ya sa suke kashe maƙudan kuɗi a kan ajiya. Mu kuwa aikin da ke kawo kuɗi da rana ake yin sa: injin ban-ruwa a fadama, casar shinkafa, niƙa, walda, ƙanƙarar masu kifi a Yawuri. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, manoman rani da yawa suka koma famfon sola da kansu, ba wanda ya yi musu wa'azin ɗumamar yanayi, ko da yake ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta nuna mana abin ba tatsuniya ba ne. Matsalar ita ce kowa nasa shi kaɗai. In an girbe, farantin ya zauna banza wata da watanni, alhali asibitin garin na haihuwa da tocila. Ƙaramin layi na gari, wanda zai haɗa famfuna da injin casa da kasuwa da gidaje, kowa da mitarsa, shi zai sa wannan wutar ta daina zubewa. Buntun shinkafar da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injina ma ana yin wuta da shi a Indiya, zai iya riƙe dare. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantai, batir na mutuwa in ba a kula ba, don haka sai an horar da masu gyara. Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero suna nan.

Uzurin cewa komai na hannun Abuja ya ƙare. Gyaran tsarin mulki da dokar wutar lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar samarwa da rabawa da tsara kasuwar wutarsu. Ni dai fitilun sola na kan titi da ake ƙaddamarwa da kiɗa, su mace bayan damina biyu, sun daina burge ni. Abin da nake son ji daga 'yan majalisarmu a Birnin Kebbi shi ne: in mai injin casa a Kamba ya kafa sola ta fi ƙarfin buƙatarsa, wa zai sayi rarar, a kan nawa, kuma na shekara nawa aka rubuta masa?