Yadda Na Mayar Da Autanmu Attajiri A Ingila

A gidanmu ni ne ƙamus. Duk takardar da ta shigo da Turanci, ta asibiti ce, ta kuɗin wuta ce ko saƙon banki, sai an ajiye ta har na dawo daga Kantin Kwari. Na hau wannan kujera tun ranar da sakamakon WAEC ɗina ya fito da kiredit a Turanci, kuma babu wanda ya taɓa ja da ni sai autanmu. Shi ma ya bar mini fili a watan Satumba na 2023, ya tafi Ingila karatun digiri na biyu.

Tafiyar tasa ta faɗo a mugun lokaci. Mun yi lissafin kuɗin makaranta a farkon shekara, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Watan Mayu aka cire tallafin mai, watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500, fam kuwa 'yan canjin Wapa suna kiran kusan dubu biyu ba tare da sun kalle ka ba. Filin da muka sayar don ya biya komai, da ƙyar ya biya rabi.

Ana saura 'yan makonni babbar Sallah, Auta ya turo saƙon murya ta WhatsApp, don Hajiya ba ta yarda da rubutu ba, muryar ɗanta take son ji. Ya gaishe ta, ya gai da Goggo, ya tambayi jikin maƙwabta, ya ce lafiya lau yake, karatu alhamdulillahi. Can ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce, "Yaya, honestly, I'm just getting by."

Hajiya ta ɗago kai. "Me ya ce a ƙarshen nan? Na ji ya juya harshe."

Na gyara zama. Irin wannan ranar ake ajiye ƙamus dominta. "Get" dai samu ne, ko ɗan firamare ya sani. Ɗayar kalmar kuwa, mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana ciniki da 'yan Sin da Indiyawa a Kwari, in ya ji "bai" ai saye ya ji. "Just" kuma kawai ne. Na haɗa su wuri guda na ce, "Hajiya, cewa ya yi ba abin da yake yi a can sai samu da saye."

Hajiya ta ɗaga hannu sama. Goggo ta rangaɗa guɗa daga bakin murhu.

Kafin la'asar ɗin washegari labari ya zaga dangi har Wudil. Goggo ta buɗe fage da bargo, irin mai nauyi na Turawa. Ɗan yayarmu ya ce iPhone, kuma ba ya son wadda aka taɓa riƙewa. Wata ƙawar Hajiya ta aiko da kwalin maganin ciwon gwiwa don a sayo irinsa na asali. Kwamitin masallacin unguwa ya rubuta sunan Auta a cikin waɗanda za su ɗauki nauyin batirin sola, ba tare da an tambayi kowa ba. Wani dattijo da rabonsa da amsa gaisuwata da kyau tun rasuwar mahaifinmu ya tare ni bayan sallar magariba, ya riƙe hannuna, ya sanar da ni cewa 'yarsa ta kammala karatun jinya, kuma yarinya ce mai haƙurin sanyi. Hajiya kuwa ta yanke hukunci cewa ragon layyarta na bana na Auta ne. Ni ban roƙi komai ba, don babba ba ya roƙon ƙaninsa. Shadda kawai na ɗauka bashi a shagon maƙwabcina, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, fam na hanya.

Na tattara jerin na tura masa, har da lambobi a gefe don kada ya rikice.

Shiru. Na ga alamar ya karanta, amma shiru. Na ce wa Hajiya mai kuɗi ba ya saurin amsa saƙo, haka suke.

Da ya tashi kira, ta bidiyo ya kira, da daddare, yana sanye da wata riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi. A bayansa kwalaye ne jibge har rufi.

"Kai, Auta, duk sayayyar ce wannan?"

"Yaya, wurin aiki ne. Sito ne. Kaya nake ɗauka." Ya yi ajiyar zuciya. "Don Allah me ka gaya wa Hajiya na ce?"

Na maimaita masa fassarata, kalma bayan kalma. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka. Daga baya ya ce duka biyun ne.

Sai ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ni da na koya masa ABC. Wai kalmar "by" ce, ba "buy" ba, kuma in ta haɗu da "get" sai su bar ma'anarsu ta gida su zama abu guda: lallaɓawa, maneji, samun abin da zai hana ka faɗuwa amma ba zai ɗaga ka ba. Na ce to wanda ya ba kalmomi uku murya ɗaya, da ta saye da ta sallama da wannan, shi ya kamata a tuhuma, ba mai saurare ba. Bai tanka ba, ya ci gaba. In ka ce "get by on" ka ambaci kuɗi, ka faɗi ɗan abin da kake rayuwa a kansa ke nan. In ka ce "get by with", wani abu ne kake maneji da shi, kamar tsohuwar kwamfutarsa da sai an jingina ta da littafi take tsayawa. In ka ce "get by in" ka ambaci yare, to ka iya ɗan abin da za ka fita kunya.

"Kamar Larabcin da ka yi a kasuwar Makka, Yaya. Kam haza, khamsa riyal, shukran."

Na ce ya bar maganar Larabcina, ya gaya mini nawa ake biyansa. Ya ce bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ya yi aiki a mako muddin ana zangon karatu, kuma mafi ƙarancin lada ake ba shi, fam 11.44 a awa. Na jawo kalkuleta. Sama da naira dubu 400 a mako, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a nan naira 30,000 ne a wata!

"To ai fassarata ta yi daidai, kai attajiri ne!"

"Yaya, ba da naira ake sayar da burodi a nan ba."

Kuɗin ɗaki kaɗai yana cinye fiye da rabi, ɗakin da in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ga motar haya, ga abinci, ga ragowar kuɗin makaranta da ake ta turo masa takardar tuni a kai. Taliya da wake na gwangwani yake ci, ranar Juma'a ya ƙara ƙwai.

Na ce to me ya hana ka faɗa da Hausa? Ya ce, "In na ce ana lallaɓawa, Hajiya za ta gane, ba za ta ƙara barci ba. Kai nake so ka ji, ita kada ta ji." Nan dai ya yi gaskiya. Mu mutanen da za a je duba mara lafiya yana numfashi da ƙyar ya ce da sauƙi, ba mu da wurin ajiye kuka a gaban uwa, sai yaro ya ɓoye nasa a cikin Turanci. Ya fara cewa akwai wata ma'anar kuma, sai aka ƙwala masa kira, hutunsa ya ƙare.

Janye labari ya fi yaɗa shi wuya. Hajiya na ce mata kasuwar can ta ɗan yi sanyi. Ragon ni na saya, aka yanka, aka yi ta sa wa Auta albarka ina tsaye ina riƙe da ƙafar baya. Goggo har yau ta yi imani bargon ya iso, matata ce ke lulluɓa da shi. Dattijon nan ya koma amsa gaisuwata da hanci. Kuɗin adashina kuma suka bi ta Wapa suka tafi Ingila.

Amma na ƙaru da ilimi, kuma ilimi ba a barin sa ya kwana. Bayan Sallah na shiga wani babban kanti sayen madara, na tsaya tsakanin kantoci ina duba farashi ina salati. Sai wani matashi mai kwat da wayar kunne ya tsaya a gabana da keken sayayya, ya ce, "Excuse me sir, can I get by?"

Tausayi ya kama ni. Ga kwat, ga takalmi mai sheƙi, ashe ciki ya ƙone, har ya kai ga tambayar baƙo ko zai iya rayuwa. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Za ka iya, ɗana. Kowa haka yake fama, har na Ingila. Ka riƙe sallah, ka rage kashe kuɗi, wannan cakulan ɗin ma mayar da shi." Na zaro naira 500 na danƙa masa a hannu na rufe da nawa.

Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya cire wayar kunnen, ya ce da Hausar Kano tsantsa, "Baba, hanya nake so ka ba ni in wuce."

Na matsa. Ya wuce. Ɗari biyar ɗin kuwa ya tafi da ita.