Cin awara ba ya lalata ƙwan mace

Ana yawan cewa awara da madarar waken suya suna lalata ma'ajiyar ƙwan mace, wai akwai estrojin a ciki, wato sinadarin jikin mace mai daidaita al'ada da haihuwa. Abin da ke cikin waken sinadarin isofilabon ne. Ya yi kama da estrojin ɗin jiki, amma ƙarfinsa ko kusa bai kai ba.

Wani ɓangare na tsoron daga tumakin Ostareliya ya fito, waɗanda haihuwarsu ta ragu a shekarun 1940 saboda kiwo a wata ciyawa mai irin wannan sinadari. To, tunkiya abincinta ke nan safe da yamma. Mai sayen 'yar awara da yaji bayan la'asar ba ta kai nan ba. Ƙwayoyin isofilabon na kanti kam, sai da shawarar likita.