Kuɗin da muke turawa gida na jinyar daji, mota ke cinye shi

Duk wanda ke zaune a ƙasar waje ya san irin wayar da ke shigowa daga gida da sassafe: wance ce ba lafiya, an ce daji ne, an tura su asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Daga nan sai lissafi. Abin da na lura da shi a zamana na Manchester shi ne, kaso mai tsoka na kuɗin da muke turawa ba magani yake saye ba. Kuɗin mota ne, da ɗakin haya, da abincin majinyata, da hoton da za a sake ɗauka saboda na farko ya tsufa kafin layi ya zo.

A nan akwai asibitin ciwon daji da ake kira Christie, yana cikin mafiya girma a Turai. Girman nasa bai dame ni ba, yadda ya bazu ne ya tsaya min a rai. A 2010 suka buɗe reshen gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a Oldham, a 2011 wani a Salford, a 2021 kuma a Macclesfield. Oldham ɗin nan fa nisanta da Manchester bai kai na Kano zuwa Wudil ba, amma suka ga tafiyar ta yi wa mara lafiya yawa. Wanda ya taɓa jinya ya san dalili. Gashi ba a yin sa a zama ɗaya. Litinin zuwa Juma'a ake zuwa, wani mako uku, wani har bakwai, alhali kwanciyar a ƙarƙashin na'urar ba ta cika wuce minti 15 ba. Akwai wata dattijuwa a layinmu da ta yi fama da sankarar mama. Takan kai jikanta makaranta, ta wuce a yi mata, kafin azahar ta dawo tana shanya a bayan gida.

To ka ɗauki mace daga Nguru ko Mubi. Minti 15 ɗin nan a wurinta ƙaura ce ta wata ɗaya ko biyu. Ta bar yara, mijin ya bar kasuwa ko gona, a nemi wani ɗan uwa na nesa a Zariya ko Sakkwato ko Abuja a sauka a gidansa, ana jin nauyi. Idan aka yi rashin sa'a na'ura ta tsaya, sai a jira kayan gyara da injiniya daga waje, kuma katsewar gashi ba hutu ba ne, dama ce ciwon ke samu ya sake tofowa. Guzuri ya ƙare, a koma gida da niyyar dawowa bayan an sayar da amfanin gona. Da yawa ba sa dawowa.

Ba zan ce ba a motsa ba. Kano ta gina cibiyarta ta jinyar daji a Giginyu, an buɗe ta asibitin koyarwa na Katsina a 2025, Yamai ta samu na'urar gashinta ta farko a 2021. Maiduguri ma ta samu tata cibiyar, sai ambaliyar Satumban 2024 ta shiga ta yi ɓarna. Amma hukumominmu sun fi son abin da za a yanka zare a ɗauki hoto. Ni ban ce a sa na'urar gashi a kowace ƙaramar hukuma ba, ko Ingila ba ta yi haka ba. Yawancin abin da mai ciwon daji ke buƙata ba ya neman na'urar biliyoyi. Ɗibar 'yar tsoka don gwaji, babban asibitin gari zai iya, a saka ta a kwalba da ruwan magani, kwalbar ta hau mota zuwa Kano, mara lafiya ta zauna a ɗakinta. Gwajin jinin da ake yi kafin kowane zagaye na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, haka. Maganin kashe raɗaɗi irin su mofin ga wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, bai kamata a yi tafiyar yini guda kafin a same shi ba. A nan Ingila galibi mara lafiya ana haɗa shi da nas guda da ta ƙware a irin ciwonsa, a ba shi lambar da zai kira in zazzaɓi ya taso cikin dare. Wannan horo da albashi kawai yake nema.

Muna yawan ɗora laifi a kan jahilci, cewa mutanenmu sun yarda daji ba ya son allura, don haka sai sun gama da sassaƙe da shafe-shafe kafin su je asibiti. Akwai gaskiya a ciki, amma mai maganin gargajiya yana bakin layi, yana magana da harshen da ake ji, yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan. Likitan daji yana nisan kilomita ɗaruruwa. Wadda ta isa gare shi ta isa a makare, ta rasu, unguwa ta ce allurar ce ta kashe ta, ta gaba kuma ta ƙi zuwa. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya ce kusan mutum 128,000 suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka mutu.

Ingila ma tana da nata ciwon kan. Ƙa'idarsu ita ce a fara magani cikin kwana 62 daga ranar da likitan unguwa ya tura mutum da gaggawa, kuma tun 2015 ba su cim ma mizanin da suka sa wa kansu ba. Sannan za ka ga tsoho ya zo kemo shi kaɗai a tasi, ba mai riƙe masa ko jaka, abin da a gida sai an rasa wurin zama saboda 'yan dubiya. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi a nan yana iya karɓar kuɗin motar da ya kashe zuwa asibiti.

Gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa asusun tallafa wa masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, aka fara da asibitoci shida, ciki har da Shika, Gombe da Abuja. Madalla, amma ko an biya maka magani sai ka kai kanka wurin, ka kuma samu inda za ka kwana. Nan ne nake ganin mu 'yan waje za mu yi amfani. Ƙungiyoyinmu kan haɗa miliyoyi a tura mutum ɗaya Masar ko Indiya. Kaɗan daga ciki zai kama gida mai ɗaki shida kusa da ƙofar Shika na shekara guda, da katifu, da rijiyar burtsatse, da mai dafa abinci, duk wadda aka rubuta wa gashi daga nesa ta sauka da majinyaciyarta kyauta har ta gama.