Jabun batir ya ishe mu wallahi

Haba dan Allah masu saida batir a Katsina ku ji tsoron Allah mana! Ni da yara mun dukufa hada mutum-mutumi a gida, jikinshi kwali da gam, kwakwalwarshi Arduino Uno (wani dan karamin allon kwamfuta da ake sarrafa na'ura da shi), hannuwan kuma kananan moto ne, kullum bayan la'asar muna tsakar gida muna fama da waya da dalma har autar ma ta iya rike filaya.

Aka zo wajen batir, irin 18650 dinnan mai bolt 3.7, mai shago ya miko min wanda aka rubuta ma 9900mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke rikewa) yana ta rantsuwa wai orijina ne. To na kirki ma bai cika wuce 3500 ba, ina aka samo 9900? Ka daga shi ka ji sakayau, alhali na gaske yakan kai giram 45.

Mun yi caji ya cika, muka jona, abin ya daga hannu ya fara karkarwa sai dif. Yaron nan da ya kira abokanshi kallo sai da ya yi kwalla, kuma kudin tara-tararshi ne fa. Na maida, wai in an bare leda ba a amsa.