Wai wani ya farka a Nima

Ban kama sunan kowa ba, kada kuma a biyo ni ta bayan fage ana tambaya. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

An ce wani ya farka. Mu duka, daga Nima har Mamobi a nan Akra, har dattawan da suka raɗa masa suna, wai barci muke shara, shi kaɗai ne idonsa biyu. Wata uku da suka wuce tare muke shan shayi a bakin titi ana musun ƙwallon Hearts da Kotoko. Yau ya tara suma, ya rataya duwatsu a wuya, yana cewa duk abin da aka koya mana, na boko da na allo, rufa-ido ne. Duniya shimfiɗe take kamar faifai. Kuɗi kuwa mafarki ne. Amma ƙarƙashin kowane bidiyonsa ga lambar MoMo nan ta tura kuɗi ta waya, sidi 150 kuɗin shiga aji. Ashe mafarki ma yana da lambar waya.

Kullum waƙarsa ɗaya, kowa ya tsaya a kan asalinsa, a daina kwaikwayo. Madalla. Sai dai maganganun nan duka na riga na ji su a bakin wani Baturen Amurka a YouTube, har karkata kan da lumshe idon. Ɗan'uwa, kayan aro ba ya rufe katara.

Ni ba na faɗa da mai tambaya. Masu tambaya na gaske sun wuce, kuma mun karanta su a zaure. Imamu Gazali yana koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, fada na girmama shi, shakka ta kama shi. Tun kafin nan ya tuhumi idonsa: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar ƙwandala alhali ya fi ƙasa girma. A 1095 harshensa ya ɗaure, darasi ya gagara, abinci ya ƙi shiga. Me ya yi? Ya ajiye kujerar, ya rabar da dukiya, ya nufi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci yana kulle kansa. Shekara kusan 10 yana wanke zuciyarsa kafin ya koma ya sake buɗe baki gaban ɗalibai. Kansa ya fara tuhuma. Namu kuwa data ta sidi 20 ya saya, gari bai waye ba ya zama shehi.

Kuma Gazalin nan shi ya yi kashedi cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, addinin yake yi wa illa. Ranar 29 ga Maris 2006 muna nan Akra, da hantsi rana ta rufe ruf, gari ya yi duhu, kaji suka rikice, aka yi ta kabbara. Masu lissafi sun faɗi ranar da sa'ar tun tuni, kuma da duniya mai kewaya suka yi lissafinsu. Na tuna wani yaro da ya shige ƙarƙashin teburin mai koko yana kuka yana kiran uwarsa. To, a zo da faifan nan a faɗa mana ranar husufi na gaba, mu kafa kujeru mu jira.

Abin da ya sa na yi magana, yara biyu daga makarantar darenmu sun daina zuwa. Ɗaya ya kalli tsohuwarsa, wadda ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora tukunyar wake da shinkafa don ta biya masa kuɗin makaranta, ya ce mata ba ta waye ba. Ita ce mai barcin ke nan? Subhanallah. Da ni aka zaga, wallahi da na yi shiru, ni ma ban ce na kai ko'ina ba, har yanzu asuba takan fi ƙarfina wata rana.

Af, na kusa mantawa. Hajiya mai koko ta bakin gada ta ce in na haɗu da mai buɗaɗɗen ido in gaishe shi. Ta ce ita tana nan cikin barcinta, amma ko a barcin tana tuna sidi 85 na koko da ƙosai tun kafin azumi. Ita ma tana da MoMo.