Farin ruwa a kamfan budurwa ba shaidar lalata ba ne

A Tahoua har yanzu akwai uwar da za ta ga ɗan farin ruwa a kamfan ɗiyarta mai shekara 11 ko 12, hankalinta ya tashi, ta ce sanyi ne, ko ma ta fara zargin yarinyar ta san namiji. Wannan zargi yana da zafi, kuma yawanci ba shi da tushe. Wata 6 zuwa shekara 1 kafin jinin haila na farko, jikin mace yakan fara fitar da ruwa fari ko garai, marar wari, marar ƙaiƙayi. Sinadarin balaga ne ke kawo shi, kuma da shi farji ke tsabtace kansa.

Abin da ya kamata ya tada hankali shi ne ruwa ɗorawa ko kore, wari, ƙaiƙayi, zafin fitsari, ko jini kafin lokacin haila. Ga ƙananan yara, sau da yawa sabulu mai turare ne, ko tsarki daga baya zuwa gaba, ko tsutsar ciki mai sa susa da dare. Kada a cusa ruwan bagaruwa ko wani haɗi. A kai ta likita, a kuma tambaye ta a hankali, ba da tsawa ba.